Kala-azar a fatar masu ɗauke da ƙanjamau: taƙaitattun shawarwari

Shawarar da ta fi rinjaye a wata tattaunawa da aka yi kan wannan batu ita ce kada a raina ƙurajen da ke fitowa a fuska, musamman kewayen baki, bayan maganin kala-azar (cutar da cizon wani ƙaramin ƙuda ke yaɗawa, mai kawo zazzaɓi da kumburin saifa), domin a Gadarif ta Sudan kusan rabin waɗanda suka warke sukan yi su cikin wata 6. Ga mai ɗauke da ƙanjamau kuwa, abin ya fi tayar da hankali, saboda ƙurajen sukan yi yawa, su bazu, wani lokaci tun cutar tana cikin saifa, har a ɗauka kuturta ce. Don haka aka nemi a kankari fatar a gwada, a haɗa magungunan AmBisome da miltefosine kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2022 don maganin kala-azar ga masu ɗauke da ƙanjamau, kuma kada a dakatar da maganin ƙanjamau.