Gadar Gwamna Lugga: wai ta wa ce?

Ɗan Zungeru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Jiya na kai yara Gamji Gate, lambun shaƙatawar nan na Kaduna, muka hau gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga, 'yar siririya, taku ashirin ka ƙetare ta. Na dafa kafaɗar babban ɗana na ce, "Ka gan ta nan? Daga Zungeru, garin kakanka, aka ciro ta." Sai wani matashi da ke ɗaukar hoto a gefe ya juyo ya ce, "Baba, Zungeru kuma wane ƙauye ne?" Wallahi ko tuwon dare ban iya ci ba. Garin da ya zama hedikwatar Arewa tun 1902! A can aka kafa gadar nan a 1904, sai a 1954 aka dasa ta a lambun nan. An kwashe mana gwamna, an kwashe soja da akawuna, aka bar mu da kufai da maƙabartar Turawa, gadar ma ba a ƙyale ta ba. Ni dai a mayar mana da kayanmu. Kaduna ai bariki ce, ba ta rasa abin ado ba.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Yaya, duk na ji, amma wace ce barikin?

Maman Ilham: Nima nan na tsaya. Alhaji ka san abin da ake nufi in an ce mace 'yar bariki ce. A Unguwar Shanu aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata. Ka janye.

Ɗan Zungeru: Haba Hajiya, ni gari nake nufi, ban taɓa kowa ba. Maganar gada nake yi.

Baban Khalifa: Gari ai mutane ne. Shekara ashirin kana cin arzikin barikin, yau ka tuna da kufai.

Malam Na Kawo: Ku yi haƙuri in sa baki. Asalin kalmar daga bakin Turawa ta zo, masaukin soja ke nan, daga baya aka riƙa kiran duk inda Bature ya zauna da ma'aikatansa bariki. In haka ne bai yi ƙarya ba. Soja aka fara kawowa Kaduna kafin hedikwata ta taso gaba ɗaya a 1917. Amma Alhaji, kai ma kana ciki. Kafin Lugga ya kafa sansani a bakin kogi, Zungeru ɗan ƙauye ne da ake kira Dungurum. Tsohuwar bariki ce ke yi wa sabuwa gori.

Maman Ilham: Malam, ba fassara na nema ba. In wani ya kira 'yarka haka, ƙamus za ka buɗe masa?

Bazazzage: Duk ku biyun baƙi ne. Ƙasar da Kaduna ke kai ƙasar Zazzau ce. Mu ganuwarmu ba Bature ya zana ta ba. Garin da ba shi da ƙofa ko ɗaya ya zo yana maganar tarihi?

Baban Khalifa: To mai ganuwa, in ka tashi karɓar fansho ina kake zuwa?

Ɗan Gbagyi: Ina karantawa ina dariya. Da Lugga da Zazzau, wa suka tarar yana noma a bakin kogin nan? Kakannina. Ko sunan garin daga bakinmu yake, kogi muke nufi.

Bazazzage: Kai Bagwari, kowa ya san jam'in kada ne, kadduna. Tun muna firamare aka koya mana.

Ɗan Gbagyi: Gbagyi. Na sha faɗa maka a zauren nan. Wanda ya kasa faɗin sunana daidai shi zai koya mini sunan kogina?

Malam Na Kawo: Duka bayanan biyu ana faɗarsu. Na kada ya fi yawo a littattafan makaranta, shi ke nan.

Ɗan Gbagyi: Wa ya rubuta littattafan, Malam?

Ɗan Zungeru: Jama'a gada fa! Kuma kogin da kuke faɗa a kai, shi ne dai ya gangara ya ratsa ta Zungeru. A garinmu aka haɗe Kudu da Arewa a 1914. A can aka haifi Najeriya.

Malam Na Kawo: Nan kam zan ja da kai. Ranar 1 ga Janairun 1914 Lugga yana Ikko, a can ya yi jawabinsa. Zungeru hedikwatar Arewa ce lokacin, wannan ba musu. Mutanen Lakwaja ma cewa suke tasu ce.

Ɗan Zungeru: Kakana ya nuna mini wurin da idona. Ginshiƙan na nan tsaye cikin ciyawa, awaki na kiwo a gindinsu.

Baban Khalifa: Kakanka ne ya miƙa masa alƙalamin?

Bakano: Ni abin da ya ɗaure mini kai, wai alfahari ake da wannan. Lugga yana zaune a Zungeru aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ku riƙe gadarku, mu ba mu manta ba.

Ɗan Zungeru: Tarihi tarihi ne, ɗan'uwa. Azikiwe, shugaban ƙasa na farko, a Zungeru aka haife shi a 1904, da Hausa ya buɗe baki. Ku nuna mini irinsa.

Baban Khalifa: Ka ƙarasa lissafin mana Yaya. Ojukwu ma a can aka haife shi a 1933. Ko shi ba ɗan gari ba ne?

Ɗan Zungeru: Au, haka za mu yi? To Nzeogwu da ya kashe Sardauna a 1966 a ina aka haife shi? Har sunan garinku yake amsawa, Kaduna.

Shugaban Zaure: Kul! Wannan layin a bar shi nan. Wanda ya ƙara, zan cire shi.

Maman Ilham: Ranka ya daɗe har yanzu fa bai janye ba.

Ɗan Zungeru: Na janye wa Hajiya, ban janye wa Baban Khalifa ba. Kuma ku sani madatsar ruwan Zungeru megawat 700 aka gina ta ta bayar. Da gadarmu da wutarmu duk kuna ci.

Bakano: Wace wutar? Kwana uku ke nan da janaretan maƙwabci nake cajin waya.

Maman Ilham: Tunda an zo nan, kuɗin gyaran taransifoma saura gida huɗu. Ba zan kama suna ba, amma ɗaya yana cikin masu kare martabar Kaduna yau.

Baban Khalifa: Hajiya ni da ke ai ɓangare ɗaya muke! Na ce ƙarshen wata.

Maman Ilham: Wane watan? Na Sallah ƙarama ka ce, ga layya ta wuce.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, bari in taƙaita. An tabbatar Zungeru ma bariki ce, ta ma riga mu, don haka gorin ya koma kan mai shi. Maganar 1914 Malam ya rushe ta. Sunan gari daga kada yake kamar yadda muka taso muka ji. Gada kuma tana inda ake ganin ta, yara na hawa suna hoto; da an bar ta can da tuni 'yan gwangwan sun auna ta a sikeli. Ni haifaffen Tudun Wada ne amma ban goyi bayan kowa ba. Masu bashin taransifoma su ga Hajiya.

Ɗan Gbagyi: Shugaba, a ina aka tabbatar da maganar kadan? Malam cewa ya yi duka biyu.

*Ɗan Zungeru ya fita daga zauren.*

Bakano: Wai nawa ne kuɗin shiga Gamji Gate ɗin yanzu? Shekarata goma sha biyu a garin nan ban san da wata gada a ciki ba.