Haƙorin ɗana bai ji sanyi ba, ya mutu ke nan?

Assalamu alaikum. Likitocin haƙori, don Allah ku taimaka min. Ɗana mai shekara 8 ya faɗi daga keke nan Kawo, haƙorinsa na gaba ya bugu, kuma ya riga ya yi famfara. Likita ya ɗora auduga mai sanyi, ya gwada da na'urar lantarki, yaron bai ji komai ba. Likitan ya ce jijiya gwajin yake aunawa, ba jinin da ke ciyar da haƙorin ba, kuma bayan bugu jijiyar kan yi shiru har wata uku, musamman tunda saiwar ba ta gama girma ba. Yanzu haƙorin ya fara yin toka-toka, hankalina ya tashi. Mu ci gaba da jira ko a sake ɗaukar hoto?