Neman kalma: me za mu ce wa "boot réseau" da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, yau neman kalma ya kawo ni, kalmar "boot réseau", wato tada ordinatar ta wayar rezo, kuma na zo da tawa a aljihu amma sai kun ji yadda aka yi tukuna.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a nan Damagaram ya kawo mini wata ordinatar portabul da ya saya ta hannu, an ce daga Kano ta shigo. Ramukan kle ɗinta uku ne kuma ukun duk sun mutu, ba wurin sa sede, ga shi an canza mata disk sabo fil babu komi a ciki. In ka kunna sai baƙin allo. Ya kai ta wajen masu gyara biyu wajen kasuwar Dole kowa ya ce sai an kwance a ciro disk ɗin a ɗora a wata na'ura, shi kuma tsoro yake kar a ƙarasa ta.

Na duba gefenta na ga ramin wayar rezo yana nan lafiya. Na ce to ai ga ƙofa.

Ga wanda bai sani ba, akwai wata dabara mai suna PXE, Intel ne suka fito da ita, siga ta 2.1 da ake ta amfani da ita tun 1999 take. Katin rezo na na'urar yana da ɗan wayonsa a jikinsa tun daga masana'anta, ko da disk ba komi. In ka zaɓi tashi ta rezo (a wasu na'urori F12 ake dannawa da an kunna) sai ta yi shela a cikin wayar gidan tana neman wanda zai ba ta adireshi. Wannan aikin DHCP ne. Wanda ya amsa sai a haɗa mata da kwatance: je wajen na'ura kaza, ki nemi fayil kaza. Ta je ta ɗauko ta TFTP, wata tsohuwar hanya ce tun farkon shekarun 1980, ba ta da wani ƙawa amma ba ta da nauyi. Fayil ɗin farko ƴan kilobait ne kawai, ba sistem ba ne, shi ne dai ke jawo na gaba, na gaban ya jawo mai girkawa, sai aiki ya kankama.

Tsohuwar ordinatar ta tebur na sa ta zama mai bayarwa, da dnsmasq (ɗan program ne mai raba adireshi da miƙa fayil) da fayilolin netboot, wato na tashi ta rezo, na Debian, sistem ɗin da za mu saka. Waya daga ita zuwa rutar, waya daga rutar zuwa portabul. Kar wani ya ce wifi, a galibin na'urori wannan tashin na farko sai da waya.

Kuma na yi kwaɓa, gara in faɗa da bakina. Na manta rutar gidan ma tana raba adireshi, ni kuma na saki dnsmasq yana rabawa, masu rabo biyu a gida ɗaya, minti goma ba a yi ba uwargida ta leƙo ta ce WhatsApp ɗinta ya tsaya me na taɓa. Na ce ba komi. Ta ce ai ba komin naka mun san shi. Sai da na maida dnsmasq yanayin proxy, rutar ta riƙe rabon adireshi shi kuma ya tsaya ga kwatancen fayil kaɗai, sannan aka zauna lafiya. Wani abu kuma, Debian ɗin netboot daga intanet yake jawo sauran kayansa, don haka ka tanadi forfe.

To a nan ne maganar ta taso. Yaron ya ce kawu wai me sunan wannan abin da Hausa, don yana so ya bayyana wa mamansa. Na buɗe baki na rasa. Da dare na kai maganar fada, ana shayi aka yi ta kai-kawo.

Wani ya ce tashi ta waya. Aka ce in ka faɗi haka kowa salula zai ɗauka. Wani ya ce tayarwa ta rezo, wannan daidai ne ba laifi, amma fassara ce tsurarta, wanda bai san abin ba ko ka faɗa masa sau goma ba abin da zai gani a idonsa. Wani mushe da ke koyarwa a lise ya ce Faransawa amorçage suke cewa, kalmar da ake faɗa in za a zuba wa pampo ɗan ruwa kafin ya soma ja, masu lambu a Mirya sun san wannan sarai, don haka mu ce ɗurin farko. Na so wannan wallahi, sai dai bai nuna cewa daga wata na'ura abin ya zo ba, ko da kle ka tayar ai ɗurin farko ne. Shi kuwa boot na Ingilishi asalinsa maganar igiyar takalmi ce, wai mutum ya ɗaga kansa da ita, wannan mu bar musu kayansu.

Ni abin da ya faɗo mini lokacin muna yara ne a Birni. In wuta ta mutu a murhu, ba ashana, sai Inna ta miƙo maka tsingaro ta ce je gidan su wance ka ɗebo wuta. Ka tsaya a zaure ka yi sallama, a ce shiga wajen murhu, a sa maka garwashi ɗaya ko biyu ka rugo kana hurawa kar ya mutu a hanya. Ba tuwonsu ka ɗauko ba, ba itacensu ba, ɗan abin da zai tada naku ne. Ku duba ku gani in ba shi ne PXE ba: sallamar ita ce shelar neman adireshi, shiga wajen murhu shi ne kwatancen, garwashin kuma ɗan fayil ɗin nan.

Na ce ɗibar wuta. Nan take wani dattijo da ke zama da mu ya ce a'a yaro, yanzu in ka ce wuta kuran za a ji, sai a ɗauka caji kake nufi ko kuwa ka ja waya daga gidan maƙwabci ba da sanin kowa ba. Na ce gaskiyarka Baba. Shi ne ya ce a ce garwashi mana.

Ɗibar garwashi ke nan. Na'ura ta ɗebo garwashi, wato ta tashi ta rezo.

Daɗin abin, kalmar da wasu suka riga suka saba da ita a madadin ansitale ita ce girka, kuma girka ai ɗora tukunya ne a kan wuta. Na san mu nan formate muke ce wa komi, ko gogewa ko sakawa, amma abu biyu ne daban. To sai ga shi sun hau layi da kansu, a ɗebo garwashi sannan a girka sistem. Mushe ya ce ba za a iya rubuta wannan a takardar jarrabawa ba. Na ce a takarda ka rubuta tayarwa ta rezo ba mai hana ka, amma a bakin shago da cikin gida bari mu ga wacce za ta zauna.

Saura sunan na'urar da ke bayarwa. Wasu sun ce maƙwabciya, ni murhu ya fi kwanta mini, wanda ke da wata ya kawo.

Shekaranjiya yaron ya so ya gwada wa abokinsa shi kaɗai ina kasuwa, sai ga kira, kawu garwashin ya ƙi zuwa, allo na rubuta PXE-E61. Na ce duba bayan rutar. Ashe uwargida ce ta zare wayar da tana shara.