Wayata ta cika: in mayar da manhajoji kan memori?

Malama: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wayata Tecno ce mai GB 32, kuma kusan mako biyu ke nan tana sanar da ni cewa wuri ya ƙare, har ta kai idan an turo hoton takardar aiki ta WhatsApp ba ya sauka. Ƙanena ya ce in sayi memori in kwashe manhajojin in mayar can. Ina so in ji daga waɗanda suka taɓa gwadawa kafin in shiga Babbar Kasuwa gobe.

Alaramma: Wa alaikumus salam. Ni ma abin da ke damuna ke nan, zan tsaya in saurara.

Injiniya: Malama, ba kowace manhaja ce take yarda a mayar da ita ba, domin wanda ya ƙirƙire ta shi ne yake ba da wannan izini. Ki shiga saiti, ki buɗe jerin manhajoji, ki zaɓi ɗaya, ki duba sashen ajiyarta. Idan akwai wurin canzawa za ki gan shi a nan. WhatsApp da manhajojin da suka zo da wayar ba sa motsawa, waɗanda suke motsawa kuwa sukan bar wani ɓangare nasu a cikin wayar. Akwai hanya ta biyu da ta zo da Android 6 a shekarar 2015, wadda ake goge memorin gaba ɗaya a haɗe shi da ma'ajiyar wayar, sai dai kamfanoni da dama, ciki har da Samsung, ba su buɗe ta a wayoyinsu ba.

Baban Yara, Ƙofar Marusa: Don Allah Malama kada ki bi wannan hanya ta biyu sai kin ji abin da ya same ni. Bara na sayi memori a hannun wani mai talla a bakin tasha, an rubuta GB 128 a jikinsa, kuɗinsa kuma bai kai rabin abin da aka faɗa mini a shago ba, sai na ɗauka na yi dace. Da na saka shi wayar ta tambaye ni ko in haɗe shi da ma'ajiyarta, na amince, na kwashe manhajoji da hotuna duka zuwa can. Makonni uku na farko ban ga matsala ba, daga nan wayar ta fara nauyi, manhaja sai ta buɗe ta rufe da kanta, wata rana kuma na wayi gari alamominsu sun dusashe, ko na taɓa ba sa buɗewa. Na cire memorin na kai wa mai kwamfuta, ya ce ba zai iya karanta komai ba, saboda wayar ta kulle shi da mabuɗin da ita kaɗai take riƙe da shi. Cikin ruɗewa na mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, ashe da wannan na goge mabuɗin da hannuna. Daga baya da aka gwada memorin aka tarar ainihin girmansa bai wuce GB 8 ba, lambar kawai aka sauya masa. Manhajoji na sake sauke su a yini ɗaya, amma hotunan sunan ɗana da muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da na naɗa tana yi wa jikokinta addu'a, sun tafi ke nan. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Hajiya: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Mama, ya sa Aljanna ce makomarta.

Alaramma: Amin ya Allah. Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Mai Gyaran Waya: Alhaji, Allah ya ba da haƙuri, amma a gaskiya jabun memori ne ya cuce ka, hanyar ita kanta tana aiki. Na yi wa mutane da yawa da memori na asali, suna amfani da wayoyinsu lafiya. Wanda zai ɗora manhaja ya nemi wanda aka rubuta A1 ko A2 a jikinsa, domin su aka tanada don wannan aiki.

Injiniya: Ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ko na asali ne yana iya mutuwa, kuma ranar da ya mutu ko wayar ta faɗa ruwa, abin da ke ciki ba zai karantu a wata wayar ba. Alamar A1 tana nufin zai iya ƙananan karatu 1,500 da rubutu 500 a daƙiƙa ɗaya, A2 kuma 4,000 da 2,000, duk da haka ma'ajiyar cikin waya ta fi shi sauri a yawancin lokuta.

Mai Gyaran Waya: Injiniya, kana magana ne kamar kowa yana da kuɗin sabuwar waya. Mai itel ta GB 16 da ba ya iya saka ko manhajar banki, me kake so ya yi?

Shugaban Zaure: A yi haƙuri, kowa ya faɗi nasa cikin mutunci. Malama tana jiran amsa.

Ɗaliba daga Daura: Anti, kafin ki kashe ko sisi ki buɗe WhatsApp, ki shiga saitinsa, sashen ajiya da data. Zai jera miki duk abin da ya haura MB 5 da waɗanda aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure. Da na duba nawa na tarar bidiyon biki da na wa'azi ne suka cinye wurin, wani ma ya shigo sau uku daga zauruka daban. Ki kashe saukar da bidiyo kai tsaye, ki cire Facebook ki saka Facebook Lite. Idan kin sayi memorin, ki bar shi a matsayin wanda ake cirewa, ki zuba masa hotuna da bidiyo da karatuttuka, ki saita kamara ta riƙa ajiya a can, manhajoji kuma su zauna a cikin wayar.

Alaramma: Wannan ta yi mini daidai, domin ni tafsirin azumin shekaru uku ne ya cika tawa.

Hajiya: To ta yaya mutum zai gane jabu tun kafin ya biya?

Mai Gyaran Waya: Hajiya, ki saya a shagon da za ki iya komawa, ki karɓi rasit. Idan kin sayi na GB 64 wayar ta nuna kusan 59, wannan daidai ne, bambancin lissafi ne kawai. Tabbacin shi ne a cika shi da bidiyo har ƙarshe a sake buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ko a gwada shi a kwamfuta da manhajar gwajin memori mai suna H2testw.

Baban Yara, Ƙofar Marusa: Da na san da wannan gwaji da ban yi asara ba. Yanzu duk hoton da nake ji da shi wuri biyu nake ajiye shi.

Hajiya: Ɗana ya aiko mini da Galaxy S21, na duba ko'ina ban ga gurbin memori ba.

Injiniya: Babu shi Hajiya, daga S21 ta 2021 Samsung ta cire shi a wannan jerin, iPhone kuwa ba ta taɓa zuwa da shi ba.

Malama: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar ƙanwata ta Daura, yanzu haka na samu GB 6 daga WhatsApp kaɗai. Mai Gyara, don hotuna da takardun makaranta, na GB 32 zai ishe ni ko in ƙara kuɗi in sayi na 64?