Waken lima da masara sun ƙi nuna tare, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Amurka. Shawara nake nema kan sukotash, haɗin masara da waken lima (wani irin wake mai faɗi) da Amurkawa suke ci a gefen nama, wanda suka gada daga 'yan asalin ƙasar na arewa maso gabas. Maƙwabciyata ce ta ce in kawo shi ranar bikin godiya na Nuwamba, na ce to.

Busasshen lima nake saya, in jiƙa shi ya kwana. Masarar tasu kuwa ɗanya ce mai zaƙi, minti 5 ya ishe ta. In na zuba su tare, kafin waken ya nuna masarar ta yamutse. In na dafa waken daban, sai ɓawon ya saɓule yana yawo a saman ruwa, alhali cikin bai gama nuna ba. Na jefa 'yar kanwa yadda muke yi wa waken gida, ya yi laushi kam, amma ya dame kamar fate, ya yi duhu, kanwar kuma ta danne zaƙin masarar.

Tumatir ma ina zarginsa, tunda tsami na hana wake nuna. A ƙarshe ake sa shi? Gishiri fa? Wadda ta taɓa gwada lima na firiza, yana riƙe jikinsa in an soya shi da man shanu, albasa da jan tattasai? Sannan su da naman alade suke ƙamsasa shi, mu kuma me za mu sa ya ba da ƙamshin hayaƙin nan?