Neman shawara: ni da maigida muna son cin abincin unguwa a Jidda, ta ina za mu fara?

Amaryar Safa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ban daɗe da tarewa a Jidda ba, muna zaune a unguwar Safa. Ni da maigidana Allah ya haɗa jininmu a kan son abinci. Tun muna Kano, in aka ce akwai mai ɗanwake ko mai gurasa da ta iya a wani lungu, sai mun nemo ta. To a nan abin ya gagare mu. Duk fitarmu ta ƙarshen mako ba ta wuce manyan wuraren cikin mol, ko Al Baik, ko mu yi oda ta waya a kawo mana. Akwai daɗi, amma ɗanɗanon kullum ɗaya ne, ga cin kuɗi.

Alhali kowace safiya ina hango layin mutane a ƙofar wani ɗan shago a bayan gidanmu, kowa ya fito da gurasa mai faɗi da 'yar roba a leda, ƙamshin har tagarmu. Maigida yana jin nauyin shiga da ni don bai taɓa ganin mace a zaune a ciki ba, kuma Larabcinmu bai nuna ba tukuna. Don Allah ku da kuka riga mu zama, yaya ake gane gidan abincin kirki a cikin unguwa? Mace tana iya zama da mijinta a irin waɗannan wuraren? Me za mu fara ci? Kuma a ina ake samun abincinmu na gida?

Hajiya Babba

Wa alaikumus salam 'yata, barka da zuwa, Allah ya ba da zaman lafiya. Ni a garin nan aka haife ni, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne, wancan shagon na bayan gidanku shi ne amsarki. Mai ful da tamis ne. Ful wani wake ne babba da ake kwana ana dafa shi a cikin tulun ƙarfe mai siririn baki, a kwaso da doguwar ludayi, a dandaƙa, a zuba man zaitun ko man shanu da niƙaƙƙen riɗi. Tamis kuwa gurasar tanderu ce, yawanci 'yan Afganistan ke yin ta. Ki tsaya ki ga yadda mutumin yake shimfiɗa ƙullin a kan wani ɗan matashi, ya sunkuya ya manna shi a bangon tanderu, kafin ki ƙirga kuɗinki ya ciro ta da ƙugiya tana tururi. A ci ta da zafinta, in ta huce ta zama wani abu dabam.

Abincin garin nan kowanne da lokacinsa. Ful, hanta da ma'asub na sassafe ne, daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma a sake ɗorawa bayan magariba. Ma'asub ayaba ce ake kirɓawa da gurasa, a sa kirim da zuma. Kwano ɗaya ya ishe ku ku biyu, don yana da nauyi. Shinkafa da nama na azahar ne. Mutabbaƙ, wannan siririn ƙulli da ake naɗe ƙwai da niƙaƙƙen nama da ganye a ciki a soya a kan faranti, shi da yamma ya fi tafiya. Wanda ya je cin mandi, wato shinkafa da naman da ake gasawa a rami, ƙarfe biyar na yamma ƙarshen tukunya zai tarar, ya dawo yana cewa gidan ba su iya ba.

Batun zama kuma, a da doka ce kowane gidan abinci ya raba ƙofa, ta iyali daban, ta maza zalla daban. A watan Disamban 2019 aka janye wannan sharaɗin. Don haka ba wanda zai kore ki. Sai dai ƙananan shagunan, teburi biyu ko uku ne, kuma ma'aikata ne ke cika su, shi ya sa ba ki ganin mata. Irin waɗannan ku saya ku tafi da shi. Amma gidajen mandi da yawa suna da ɗakuna ƙanana masu labule ko ƙofa, da darduma da matasai, ku zauna a ƙasa ku biyu ba mai ganinku.

Abu Sadik

Hajiya ta gama magana. Ni direba ne, kusan kullum a waje nake cin na rana. Ƙanwata, ki gaya wa maigida Larabcin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Da ya isa kanta za a tambaye shi "mahalli" ko "safari", wato a nan za a ci ko tafiya za a yi da shi. Shinkafa ana ƙirga ta da "nafar", cin mutum ɗaya, kuma nafar ɗinsu da yawa ne. Rabin kaza "nus habba". Shike nan. Yawancin masu aikin ma ba Larabawan nan ba ne, da Yamalawa da 'yan Indiya da 'yan Bangaladesh, kowa da irin Larabcinsa, ba mai yi wa wani dariya.

Yadda nake gane gidan kirki: in duba motocin da ke ƙofa. In na ga tasi da motocin 'yan unguwa sun yi cunkoso ana ta fitowa da leda, to tukunyar ba ta kwana. Sannan in duba jerin abincinsu. Gidan da yake mandi kaɗai, ko kifi kaɗai, ya fi wanda yake sayar da shawarma da fiza da biryani da kabsa duk a tare.

Ku fara da shinkafar bukhari da gasasshiyar kaza, ita ce mafi sauƙin kuɗi kuma ko'ina akwai. Daga nan ku hau mandi na ɗan rago, wanda asalinsa na mutanen Hadramaut ne, ana rataya naman a cikin rami mai garwashi, romonsa yana ɗiga kan shinkafar da ke ƙasa. Akwai madbi kuma, da ake gasawa a kan duwatsu masu zafi. Ku riƙa neman miyar tumatir mai barkono da suke bayarwa a gefe, don bakinmu ya saba da yaji, nasu abincin ba shi da zafi.

Malam Na Madina

Ni dai ina ganin amarya ta fi kyau ta riƙe tukunyarta. Yawan cin waje yana cinye albashi, ga harajin kashi 15 cikin 100 da ake ɗorawa tun 2020. Mutum ya zo neman na kansa ne, akwai 'yan uwa a gida da ke jira. Allah ya sa a fahimce ni.

Maman Hanan

Malam, an fahimce ka, kuma maganar tattali gaskiya ce. Amma ba ta ce ta daina girki ba. Fita ɗaya a mako ce suke yi dama, tambayarta ita ce inda za su kai kuɗin. Karin kumallon ful da tamis na mutum biyu bai kai kuɗin kofin kofi biyu a mol ba. Kuma macen da aka rabo da danginta aka kawo ta ƙasar da ba ta san kowa ba, miji ya fita tun safe, ta wuni tsakanin bango huɗu, wannan fitar magani ce gare ta. Na san abin da nake faɗa. Ni a irin wannan yawon na koyi saliƙ, shinkafar nan ta mutanen Ɗa'ifa da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, yanzu yarana sun fi son ta a kan komai.

'Yar uwa, ki sa maigida ya kai ki Balad da yamma, tsohon garin Jidda, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Ku ajiye mota ku taka, daga Bab Makka ku ratsa kasuwar Alawi har gaban gidan Nasif. Ku tafi da yunwa, kada ku ƙoshi a wuri ɗaya. Nan a ɗan ci manto, ƙullin da ake cusa wa nama da albasa a turara, gaba a ci yagmush, wanda shi gasawa ake yi. Duka biyun Bukharawa ne suka zo da su. In azumi ya zo kuwa, bayan tarawihi wurin cika yake da masu balila, wani irin dafaffen wake, da masu soya hanta, suna yi suna waƙar talla.

Amaryar Safa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama Hajiya, gobe in sha Allahu za mu sauka wurin mai tamis ɗin. Malam, na ji nasiharka, tukunyata na nan. Saura batun kifi, don maigida mayen kifi ne, da kuma abincin gida.

Baban Walid

Kifi kam kun zo gidansa. Ku je babbar kasuwar kifi da ake kira Bangala, can wajen tashar jiragen ruwa, da sassafe. Ku zaɓi kifinku da kanku: ido garau, cikin kunnen ja, in an danna jikin ya dawo. Najil shi ne sarki kuma shi ya fi tsada, sai hamur, sai sha'ur da harid masu sauƙi. Akwai jatan lande ma. A nan cikin kasuwar akwai masu gyarawa a biya su gwargwadon kilo, sannan a kai wa masu soyawa ko gasawa. A haɗa muku da shinkafar sayadiya, wadda ake dafawa da albasar da aka soya ta yi duhu, da miyar tsamiya. Amarya ta sa takalmin da ba ya tsoron ruwa, kuma ta ɗan tattare abaya, ƙasan a jiƙe yake. Ranar da kuke da lokaci ku miƙa arewa zuwa Zahban ko Suwal, gidajen kifi ne jere, da wuraren zaman iyali.

Hajiya Babba

Abincin gida, 'yata, nan ne zuciyata take sosuwa. Da can a Karantina da Sabil da Gulail ba a tambayar inda ake tuwo, hanci ne ke kai mutum. Waina da safe, tuwon shinkafa da miyar taushe da rana, fura da yamma. Da aka rushe waɗannan unguwanni daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, mutanenmu suka watsu, wasu gabashin gari, wasu kudu, wasu suka koma gida. Masu girkin suna nan, amma yanzu yawancinsu a gida suke yi, sai an yi musu waya. Hanyar samunsu ita ce shiga mutane. Ki je suna, ki je biki, in kin ci waina ta yi miki daɗi ki tambayi uwar gida wa ta yi. Kafin nan, ku leƙa gidajen abincin Sudan. Asidarsu da miyar busasshiyar kuɓewa za ta rage miki kewar tuwo, kuma suna agashe, wato irin tsirensu, da ƙuli-ƙuli da yaji.

Ɗan Misfala

Yaya, in tsire kuke so na gaske, sai kun zo Makka. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana ɗaukowa daga tashar Sulaimaniyya ta Jidda ya sauke a tashar Rusaifa ta Makka cikin kusan rabin awa. Ku yi umara, bayan isha ku nemi masu tsire, iyayenmu ne suka kafa sana'ar, yau Larabawan Makka layi suke yi a kanta. Ku nemi mai shago da lasisi a bango, wanda yake gasawa a gabanku. Ko a Jidda ma haka: a duba takardar baladiyya, wato hukumar kula da birni, a duba ko mai karɓar kuɗi shi ne yake taɓa abincin da hannu. In kun ga ƙazanta ƙarara, lambar kai ƙara ta baladiyya 940 ce. Ku faɗa min ranar da za ku zo, ni da maiɗakina sai mu tare ku a tasha, amma ban da lokacin aikin Hajji, don ba a shiga Makka a kwanakin sai da izini.