Zaki ɗaya, ma'ana biyu: yaya zan bayyana wa yara?

Malamar makarantar Lahadi:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina koyar da yara 'yan shekara 9 zuwa 12, kuma ina neman shawararku. Mun karanta Wahayin Yahaya 5:5, inda aka kira Yesu Zakin kabilar Yahuza, sai wani yaro ya tuna mana cewa a 1 Bitrus 5:8 Iblis ne aka kwatanta da zaki mai ruri. Wata yarinya kuma da ke kiwon awaki a gida ta damu ƙwarai da jin cewa a Matiyu 25, a kwatancin ranar shari'a, an tsayar da tumaki a dama, awaki kuwa a hagu, wato gefen waɗanda aka hukunta, har ta tambaye ni ko Allah ba ya son akuyarta. Me zan gaya musu?

Wani dattijon ikilisiya:
Malama, sannu da ƙoƙari. Ki nuna musu cewa kowace aya hali guda take ɗauka daga jikin dabbar. Yahaya ya ɗauki sarauta da nasara, Bitrus kuwa ya ɗauki yunwa da farauta. Haka maciji yake: shi ne ya yaudari Hawwa'u a Farawa 3, amma Musa ya ɗaga macijin tagulla a jeji domin wanda aka sara ya duba ya rayu, kuma a Yahaya 3:14 Yesu da bakinsa ya kwatanta ɗaga shi a kan gicciye da wannan macijin. Ni a ganina kuskure ne babba a haddace wa yara cewa wannan dabba ta Allah ce, waccan ta Shaiɗan, domin duka halittarsa ne, kuma ya duba su ya ga suna da kyau.

Wata uwa a zumuntar mata:
'Yar'uwa, batun yarinyar ne ya fi taɓa ni. Ki karanta mata Fitowa 12:5, inda aka yarda dabbar da ake yankawa a Idin Ƙetarewa, wato idin tunawa da fitowar Isra'ilawa daga Masar, ta fito daga cikin tumaki ko daga cikin awaki. A Matiyu 25 abin da ya raba dama da hagu shi ne ciyar da mayunwaci, karɓar baƙo da ziyartar marar lafiya, kuma makiyayin da ke ware garkensa kwatanci ne kawai.

Malamar:
Na gode, Baba, na gode, Mama. Ranar Lahadi zan fara da yarinyar kafin mu koma kan zaki.